Daga Kano zuwa Panteka, neman injin niƙa roba

Ƙanena ne ya ja ni tafiyar nan. Sana'arsa sayen roba daga hannun 'yan jari bola a wani kango da yake haya a bayan Dakata: fasassun bokitai, karyayyun kujerun biki, jarkoki, gorunan ruwa. Yaransa su ware, su ɗaure, ya sayar wa masu injin niƙa, su kuma su kai kamfanonin Sharaɗa da Challawa inda ake narkarwa a fitar da butoci da silifas. Ya daɗe da gane cewa romon yana wajen mai niƙa, shi wahalar kawai yake sha. Da ya kwashi adashi, ya haɗa da kuɗin babur ɗinsa da ya sayar, sai ya ce, "Yaya, ka raka ni Kaduna, kai ka fi ni iya ciniki." Ba wai ba a ƙera injin a Kano ba, wani abokin sana'arsa ne ya yaba masa aikin wani maƙeri a Panteka, kasuwar maƙera da tsoffin ƙarafa ta Kaduna.

Bayan asuba muka hau mota a tashar Unguwa Uku. Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari, duk barci na yi. A Zariya na farka, inda muka tsaya aka sha shayi. Daga nan na fara lura da abin da ƙanena yake ta leƙe ta taga: manyan motoci shaƙe da buhunan gorar ruwa da tsoffin ƙarafa, kaya ya yi tsiri har yana rangaji, sun nufi kudu. Ya ce rabin abin da ke cikin buhunan nan iska ce, mai kaya yana biyan kuɗin mota ne don a kai masa iska Legas. Da an niƙe ko an matse kafin a loda, mota ɗaya za ta ɗauki abin da yanzu sai motoci da yawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafin ne ke raba mai riba da mai faɗuwa.

Bayan Jaji, kafin mu shiga Kaduna, wani fasinja ya ba mu labarin wani gida a ƙauyen Sabon Yelwa da wata ƙungiya mai suna DARE ta gina a 2011 da gorunan roba da aka ɗura wa yashi. Ban sauka na gani ba, direba ba shi da wannan lokacin.

Daga Kawo muka shiga keke zuwa tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Kafin ka ga kasuwar kunnenka ya riga ya isa: guduma, tartsatsin walda, kukan janareto. A layi guda na ga an yanka tsohuwar ganga ta zama kurfoti, an narka gwangwanayen lemo da ɓaraguzan injin mota an zuba a ƙasar da aka yi wa siffa, ta fito tukunyar da za ta dafa shinkafar biki. Gaba kaɗan ana gyara tsoffin ƙofofi, ana miƙe rodin da aka ciro daga rusau. Abin da ake hayar ɗakin taro a otal a Abuja don a yi bayaninsa da majigi, wato kada a zubar da abin da zai sake amfani, a nan shi ne abincin yau da gobe tun kafin a haifi yawancin masu jawabin.

Maƙerin dattijo ne, gemu fari, hannu duk tabon wuta. Ya shimfiɗa mana benci, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya tambayi ƙanena irin robar da zai niƙa. Ashe wuƙar da za ta ci jarka daban, wadda za ta ci gorar ruwa daban, haka ma ramukan rariyar da ke ƙasa. Wuƙaƙen kansu daga tsohon sifirin ɗin babbar mota yake yanko su. Sai ya yi tambayar da ta sa ƙanena ya yi shiru: "Ɗana, da wace wuta za ka tayar da shi?"

A kan wannan muka shafe fiye da rabin zaman. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin lantarkin layin da ake kira Band A daga naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, wanda ke kan layin yana samun wuta amma kuɗin na cinye ribar, wanda ba ya kai kuma sai ya ƙona dizal. Dattijon ya ce ya san injina da dama da suka fita daga rumfarsa lafiya lau, yanzu suna kwance an rufe su da tamfol. Ba lalacewa suka yi ba.

Na tambaye shi, "Baba, taimakon da ake ta faɗa a rediyo fa?" Ya yi dariya. Ya ce abin da ya gani da idonsa ya kuma yaba shi ne lokacin da kwalejin maƙwabtansu, zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, ta fara jawo masu sana'ar Panteka a gwada ƙwarewarsu a ba su takardar shaida. Yaron da ya yi shekaru yana walda ya samu abin nunawa idan ana neman ma'aikata. Bashi kuwa, ya ce, banki takardar fili yake nema, alhali mai bola a kangon haya yake. Ga ruwan da ake ɗorawa, wanda ko mutum bai ƙyamace shi don addini ba, sana'ar da ake cin riba kilo-kilo ba za ta iya ɗauka ba.

Ni a ganina, wanda ke son sana'ar nan ta ɗauki matasa aiki ba sai ya wahalar da kansa ba. A ware musu fili da ba za a tashe su ba, a ja musu wuta ta rana ko layi mai sauƙi su yi tarayya, a sayi inji a ba su su biya a hankali kamar yadda bankunan Musulunci ke yi. Sannan a yi musu rajista da katin shaida. Gaskiya ne akwai ɓata-gari masu sace murfin kwata da wayar wuta su kai wa 'yan gwangwan, shi ya sa a Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana yawon bola, suka rufe kasuwannin panteka na can na mako biyu. Amma idan aka yi kuɗin goro, yaron da ke tsintar gora don ya ciyar da mahaifiyarsa shi ke fara kwana da yunwa, ɓarawon kuwa ya sauya unguwa.

Ciniki ya faɗa bayan la'asar. Dattijon ya ba da shawarar a yi injin da bel, yadda za a iya ɗaura masa injin juyawa mai amfani da lantarki ko injin dizal irin na markaɗe, duk wanda ya samu. Ƙanena ya ba da kafin alƙalami, aka rubuta a takarda, na sa hannu a matsayin shaida. Aka yi alkawari idan an gama, babban yaron shagon zai biyo injin har Kano ya kafa, ya kuma koya wa yaran wasa wuƙa, kuɗin motarsa da abincinsa a wuyanmu.

Ba mu yarda mu yi tafiyar dare ba, muka kwana wajen wani ɗan'uwa a Tudun Wada. Tun a daren ƙanena ya kira mai kangon da yake haya, yana roƙon a rubuta musu yarjejeniyar shekara uku kafin ya zuba kankaren da injin zai zauna a kai. Mai kangon ya ce sai ya yi shawara da 'yan'uwansa, don filin na gado ne.