Asabar a Jega: ƙugiya, fata da na'urar da ta yi shiru a daji

Asabar, tsakiyar Fabrairu. Hazo bai gama ɗagawa ba, amma sanyi ya fara ja da baya, farautar rani kuma ta kankama. A irin wannan lokaci ne rumfar kayan karnuka ke cika, rabi masu saye, rabi masu dawo da abin da suka saya. Yau ƙorafi huɗu aka kawo, kuma a cikin ukunsu kayan da kansu suka faɗi mai laifi kafin kowa ya ɗaga murya.

Na farko ya zo tun ba a gama shara ba. Wani dattijo daga wajen Aliero ya ɗora sarƙa a kan tebur, ƙugiyarta ta rabu biyu. Ya ce, "Ɗana, wagga aba ko kwana goma ba ta yi ba. Sau guda kare yaj ja, sai ga ta ƙasa." Na ce, "Baba, zauna mu gani."

Bakin karayar ake fara dubawa. Ƙarfen kirki yakan lanƙwashe kafin ya karye, sai ka ga wurin ya miƙe ya sirance. Wannan kuwa ta tsinke tas kamar alli, cikinta fari-fari ne mai ɓurɓushi da 'yan ramuka. Ƙarfen zubi ke nan, wanda ake narkawa a zuba a mazubi, a shafe bayansa da ƙyalli don ya yi kama da na gaske. Na ɗora mata mayen ƙarfe, bai kama ba. Sai dai wannan gwajin shi kaɗai bai isa ba, domin tagulla ma mayen ƙarfe ba ya kama ta, ita kuwa kaya ce mai kyau. Abin da ke raba gardama magagari ne: a goga shi sau biyu a gefe, tagulla za ta fito rawaya, na zubi ya fito ruwan toka. A wuyan majuyi ta karye, wato inda ƙugiyar ke juyawa, wurin da ya fi ko'ina siranta. Kare mai kilo 18 in ya hango zomo ya zabura, fizgar da zai yi ta ninka nauyinsa sau da yawa, kuma duk a wannan ɗan wuyan take sauka.

Babu abin musu a nan. An cire ta, an sa masa ta baƙin ƙarfe, an kuma nuna masa zoben da ke haɗa ta da sarƙa. Zobe iri biyu ne a kasuwa: wanda aka yi wa walda a mahaɗa, da wanda aka lanƙwasa kawai aka haɗa bakinsa. Na biyun yakan buɗe a hankali, yau ɗan tsagi, bayan mako guda sarƙa ta zare. Farce ma yana gane shi, in ya shiga mahaɗar to ba walda.

Aikin gaske bayan tafiyarsa ya fara. Dozin biyu ne a kwalin da ƙugiyar ta fito, an sayar da bakwai. Sauran sha bakwai an sauke su daga rataya nan take. Ban da dattijon, mutum huɗu cikin waɗanda suka saya akwai lambarsu a littafin ciniki, an kira su su kawo a canza musu. Ragowar biyun sai dai a jira su. Amfanin littafin ke nan, kuma shi ya sa nake ganin rubuta rana, irin kaya da lambar waya ya fi rasit ɗin da mafarauci zai cusa a aljihu gumi ya cinye.

Dilan da ya turo kayan daga Anaca, da aka kira shi, waƙar da aka sani ya fara: kaya in sun fita ba sa dawowa. An tura masa hoton bakin karayar ta WhatsApp, da ɗan bidiyon mayen ƙarfe yana zamewa, sannan ya sauko ya ce za a cire kuɗin a kaya na gaba. Wannan magana ta ba a mayar da kaya, da wasu ke rubutawa ɓaro-ɓaro a bango, ba ta da gindi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu saye, ke aiki da ita, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Tun kafin ita ma malamanmu sun karantar da cewa aibin da ke jikin kaya kafin ciniki, in ba a bayyana shi ba, mai saye na da zaɓin mayarwa.

Wajen hantsi aka kawo na biyu, abin wuya na fata da ya tsattsage ya yi tauri kamar ƙilago. Saurayin da ya kawo shi ya zo da zafi, yana cewa an ba shi ruɓaɓɓiyar fata. Na karɓa na lanƙwasa wurin da ke ƙarƙashin kan bel, inda rana ba ta taɓawa: laushi lau, ba tsaga ko ɗaya. Da jimar ce ba ta yi ba, da ko'ina ya lalace. Da aka tambaye shi ya ce karen ya bi gafiya cikin fadama, da suka dawo ya shanya abin a kan kwanon ɗaki. To, ga amsa. Fatar da aka jeme da bagaruwa in ta sha ruwa tana zubar da maiƙonta, in aka busar da ita a rana mai zafi sai ta ƙandare ta fashe. A inuwa ake shanya ta, inda iska ke kaɗawa, in ta kusa bushewa a shafa man kaɗe kamar girman ƙwayar gyaɗa, a murza da yatsa ciki da waje. Lokacin hunturu ko ba ta jiƙe ba tana son mai bayan mako biyu ko uku. Baƙin mai na inji kuwa kada a kusance shi, yana cin fata, yana kuma ƙona wuyan kare.

Laifin nasa ne, amma ba duka ba, don ba wanda ya gaya masa wannan ranar da ya saya. An raba asara, ya biya rabin kuɗin sabo. Ya ce, "To Malam, da kun faɗi tun farko ai da ba mu kai nan ba." Gaskiyarsa.

Tun da ana maganar fata, ga abin da na sake jaddada wa badukun da ke yi mana ɗinki da ya leƙo bayan azahar. Jar fatar akuya ta Sakkwato ta yi suna har ƙasashen waje, amma ta jaka ce da takalmi da gidan laya, a wuyan kare miƙewa take yi. Ta saniya ake so, daga gadon baya, mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Ta ciki sako-sako ce. Faɗi kada ya gaza inci ɗaya da rabi, hudoji a jera su a tsakiya da tazarar santimita 2, kuma inda aka naɗe zobe a ɗinke da zaren nailan layi biyu, kada a dogara da ƙusa guda.

Na uku bai ɗauki minti goma ba. Abin wuya na nailan ne, irin hannun jakar makaranta, mai maƙalin roba. Karen ya ja da baya ya zare kansa. Abin wuyan an yi shi ne don karnukan Turawa masu ƙaton kai da kaurin wuya, namu kuwa kansu siriri ne, kusan daidai da wuyan. Aka auna da zare: inci 14, alhali mafi ƙanƙantar ma'aunin abin 16 ne. An musanya masa da na fata. Ƙa'idar ita ce yatsu biyu su shiga tsakanin wuya da abin, kada uku su shiga. Mai sako-sako ya fi haɗari a daji, don reshen sarƙaƙiya na iya shiga ya rataye kare. Maƙalin robar nan ma ban yarda da shi ba, rana tana sa shi gautsi.

Na huɗu shi ne mai wuya, ya kuma cinye la'asar ɗin gaba ɗaya. Wani Alhaji mai karnuka shida, daga wajen Bunza, ya dawo da na'urar bin sawu da ake ɗaura wa kare a wuya. A gida ta yi aiki, yana ganin karen a taswirar wayarsa har lungun da yake kwance. Da suka shiga daji sai alamar ta tsaya cak a bakin hanya, kare bai dawo ba sai washegari. Ransa a ɓace yake, kuma da dalili, don ba kuɗi kaɗan ya ba da ba.

Aka sa ta a caji, aka kunna, ta nuna rumfar nan daidai. Lafiyarta ƙalau. Matsalar tana cikin yadda aka ƙera ta. Irin wannan tana karɓar bayanin inda take daga tauraron ɗan'adam, wannan ko a tsakiyar daji tana samu. Amma aiko da bayanin zuwa waya ta layin da aka sa mata take yi, saboda haka inda babu sabis ta san inda take, ba ta da bakin faɗa. Alamar da ya gani a bakin hanya ita ce wuri na ƙarshe da sabis ya kai. Waɗanda mafarautan Amurka ke amfani da su, irin na kamfanin Garmin, ta rediyo suke magana kai tsaye da wata na'ura da ke hannun mai kare, ba ruwansu da layin waya, kuɗinsu kuma ya ninka na wannan nesa ba kusa ba. Ga sauran abubuwan da ke kashe ta: layi ya ƙare da data, ko batir ya mutu da wuri saboda an saita ta tana aiko da saƙo kowane daƙiƙa goma, ko an bar ta a cikin mota a rana. In an rubuta IP67 a jiki, ma'anarsa tana jure nutso na mita ɗaya har minti 30, shi ma sai murfin wurin caji na rufe ruf.

A nan kayan ba su da aibi, mai saye ma bai yi ganganci ba. Tambaya guda ce ba a yi masa ba ranar ciniki: Alhaji, inda kuke farauta waya na kamawa? Da an yi ta, da ba a sayar masa ba. Yaron rumfa ya so a tsaya a kan cewa na'ura na aiki, na ce a'a, an sayar wa mutum abin da ba zai yi masa aikin da ya faɗa da bakinsa ba. An karɓa, an mayar masa da kuɗinsa ta tiransifa, ban da na layi da data da ya riga ya ci. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To mi za ni sa musu?"

Ƙararrawa ya tafi da ita, guda shida, ƙirar maƙeran gari. An zaɓa masa masu murya daban-daban don ya riƙa gane kowane kare da kunne. An girgiza kowace an duba maƙalin harshenta, don nan ne suke mutuwa: in da siririyar waya aka rataye shi, kwana kaɗan zai faɗi a ciyawa. Na gaya masa ya ɗaura ta da tsinken fata a ƙasan wuya, kuma ya cire in an dawo gida. Ɗaya daga cikin karnukan wuyansa ya yi gyambo a ƙarƙashin tsohon abin wuya, ga kaska. Wannan ba na rumfa ba ne, asibitin dabbobi aka tura shi, ya haɗa da allurar haukan kare da ya ce shekara ta zagayo ba a yi ba.

Kafin magariba an ɗaure ƙugiyoyi sha bakwai da karyayyar a leda, an rubuta adadinsu a jiki, yaro ya kai tasha. Na'urar bin sawun tana cikin aljihun tebur. Akwai mai gidan gona a bakin titin Birnin Kebbi da ya taɓa tambayar irinta don karen gadinsa, can kuwa sabis ba ya yankewa. Litinin za a kira shi.