Yau injin ya kama

Bayan la'asar yau, a filin jirgin Thumama da ke bayan garin Riyad, tsohon ƙaramin jirgin saman nan, Piper Cub, da muka yi wata tara muna fama da gyaransa ya yi magana. Ƙirar 1946 ne, ba shi da sitata, da hannu ake murza farfela. Baba, makanikin da ke koya mini, ya ce in zauna a kujerar baya in danne birki, shi ya tsaya gaba. Murzawar farko, shiru. Ta biyu, ɗan tari. A ta uku injin ya kama. Ƙarfin doki 65 ne kacal, amma gangar jirgin, yadi ne fa aka ɗame kan ƙarafa, ta hau rawa har cikin haƙorana. Ina ta washe baki sai Baba ya daka mini tsawa: "Ɗana, bar dariya, duba gejin baƙin mai!" Allura ta hau, alhamdulillahi.

A koyon tuƙin jirgi, awa 14 kawai gare ni a sama, ban taɓa tashi ni kaɗai ba. Tun ɗazu nake tunanin ɗinkin da na yi wa fukafukan nan da hannuna, wai wata rana shi zai riƙe ni.