Rigar da ta ci mini kusan shekara huɗu

Duk wanda ya shigo shagona a nan ƙauyenmu na ƙasar Kura, idonsa kan fara sauka ne kan wata riga da ke rataye a bango cikin leda. Babbar riga ce ta saƙi, mai zanen ɗinkin hannu da ake kira aska takwas, aikin tsamiya. Ba ta sayarwa ba ce. Na fara ta bayan kakar 2019, ban yanke zaren ƙarshe ba sai ana gab da Babbar Sallar 2023.

Marigayi maigidana, wanda ya koya mini riƙon allura, yakan ce wanda bai fitar da aska takwas shi kaɗai ba, tun daga zane har cin wuya, ɗan koyo ne ko da furfura ta cika masa gemu. Shekara bakwai na yi a zaurensa. Shi ba ya duba fuskar aiki. Juya rigar yake yi ya shafa bayanta, in ya ji ƙulli ko ya ga zare ya yi tsalle, sai ya miƙo maka reza bai ce uffan ba. Na sha kuka a bayan zauren nan, Allah ya jiƙansa.

Yadin kaɗai sai da na jira wata biyar, don masaƙa sun yi ƙaranci, dattijon da ya saƙa mini kuma sai ya dawo daga gona yake zama. Tsamiya ta fi ba ni wahala. Yaran yanzu sun ɗauka sunan launi ne kawai, alhali siliki ne na daji, daga gidan wata tsutsa. A dafa shi da ruwan toka, tsofaffin mata su kaɗa shi da mazari. Ba ya ƙyalli irin na zaren kanti, amma yana daɗa kyau in ya tsufa.

A nan aka cuce ni. Zaren farko ya ƙare, wani dillali ya kawo mini na biyu, ya rantse tsantsa ne. Ashe an gauraya shi da auduga an rina. Wata takwas ina aiki da shi. Ranar nan da hantsi na shanya rigar saboda sanyin damina, sai ga askake uku sun yi fari-fari, sauran na nan da launinsu. Na zauna a ƙasa ina kallo. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wa zai lura da wannan in ba kai ba?" Gaskiya ta faɗa. Kwana uku ina neman dabarar rufewa, har na yi tunanin jiƙa wurin da ruwan goro. A na huɗu na ɗauko reza. Mako shida na yi ina warwara a hankali don kada in yanki saƙin.

Daga nan zuciyata ta mutu, na cusa rigar a adaka wata biyar. Da na dawo mata sai na tarar hannuna ya canja, jan zaren yau daban da na da, wurin ya tattare. Shi ya sa na yanka wa kaina ƙa'ida: daga an idar da sallar asuba, gari ya yi haske, har zuwa lokacin buɗe shago, kullum, ko da faɗin ɗan yatsa zan ci. Kullen korona na 2020, da aka fasa hawan Sallah ciniki ya tsaya cak, ya ba ni lokaci, amma wannan zaman na safe ne ya kai rigar gaci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu zuwa da hoto a waya. "Malam, a Kwari an ce mini kwana biyu, kuma rabin kuɗinka." To, Alhaji, aikin kwamfuta ke nan. Ban ce haramun ba ne, kowa da abincinsa, amma a daina kiransa aikin hannu. Juya shi ka gani, bayansa kamar kwali, wanki uku ya fara tashi. Da can kunya takan sa in ce wa mutum wata biyu alhali na san shida ne, in ƙare da ɓuya. Yanzu lokacin gaskiya nake faɗa, mai gaggawa ya tafi lafiya. Yarana huɗu a shago, kowanne ya san rezar nan.

Da na gama na kai ta mabuga a cikin Kura, na tsaya a kai har aka buge ta, ban yarda na matsa ko nan da can ba. Ranar idi na saka ta. Bayan an sallame wani tsoho da ban sani ba ya kamo hannun rigar, ya juya cikinta ya shafa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ɗago ya ce, "Yaro, a zauren wa ka zauna?"