Daga Gombe zuwa ɗakin karatun jiragen ruwa na Greenwich

Hanyar Abuja da jirgin sama babu abin faɗa. Sai da muka sauka Landan wani jami'i ya yi ta jujjuya fasfona, yana tambayata cikin gatsali wai me ya haɗa ɗan Gombe da littattafan teku. Na haɗiye fushina na wuce.

Wani bawan Allah ɗan Bauchi ne ya sauke ni, Allah ya saka masa da alheri. Da tuwon shinkafa miyar kuka maiɗakinsa ta tarbe ni, shi kuma ya ajiye aikinsa ya raka ni Greenwich, bakin kogin Thames, inda gidan tarihin jiragen ruwa na Ingila yake. Sarki George na shida ya buɗe shi a 1937. Ɗakin karatun da ke cikin gidan sunan Sir James Caird yake ɗauke da shi, wani attajirin Scotland mai jiragen ruwa da ya zuba dukiyarsa aka kafa wurin. Littattafai sun haura 100,000, ban da taswirori da takardun rubutun hannu.

Ko kwabo ba a karɓa, rajista kawai za ka yi. Jaka da biro a waje ake barin su, fensir kaɗai ke shiga. Amma shayin gidan! Kuɗin kofi ɗaya zai ciyar da majalisa guda shayi da burodi a Tashar Dukku.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jerin sunayen ma'aikatan jiragen kasuwa na 1915. Suna, shekaru, garin haihuwa, albashi, har na mai zuba kwal a injin. Tawadar ta koɗe, amma na ga Legas a layin garin haihuwa, sai da tsigar jikina ta tashi. Nan na tuna Baikie, Baturen likitan da ya hau kogin Binuwai da jirgin Pleiad a 1854, shi da mutanensa suna shan kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. Gongolarmu cikin Binuwai ɗin take zubewa a Numan. Masu kwale-kwalen Dadin Kowa fa, wa ke rubuta sunayensu? Wallahi abin yana damuna.

Cutty Sark, jirgin dakon ganyen shayi na 1869, daga waje na kalle shi, tikitin ya yi tsada. Mun hau tudun da layin Greenwich, mai raba gabashin duniya da yammacinta a taswira, ya ratsa, ruwan sama ya koro mu. Ranar Laraba na iso gida.