Inda na kai da zanen ƙauyukan Route 66

Salam 'yan uwa masu koyon fentin ruwa, ga inda aka kwana. Har yanzu ina kan tsofaffin hotunan nan na Amurka na shekarun 1950, lokacin da magidanci zai kwashi iyali a mota su bi babbar hanyar Route 66 tun daga Chicago har Santa Monica, sama da kilomita 3,900, jiha 8. Ni ƙauyukan tsakiya ne suka tafi da ni, gidan mai da famfo biyu, dogon rumbun hatsi a bakin layin dogo, sai fankar iska mai jawo wa shanu ruwa.

Na gama gidan man Conoco na Shamrock a Texas, mai hasumiyar nan, ginin 1936. Shi kam fensir da rula sun isa, sararin sama ne aikin wlh. A hotunan Kodachrome, fim ɗin kyamara mai launi na lokacin, shuɗin yana da kauri can bisa sai ya yi ta dusashewa har ya kusa komawa fari inda ya haɗu da ƙasa, to in kana son haka ka fara jiƙa takardar da ruwa zalla, ka ɗan jingine allon, ka taho daga sama kana saukowa kana ƙara ruwa a buroshi, kuma kar ka koma baya ko sau ɗaya, kana komawa tabo zai fito. Takarda mai giram 300 nake sawa, mara kauri tana kumbura.

Nisan titi kuma falwayoyi ke nuna shi, kowace ta fi ta gabanta gajarta kuma tazararsu na matsewa, na ƙarshen ɗigo ne kawai.

Abin da na ƙi bari shi ne mutane. A 1956 shugaban Amurka Eisenhower ya sa hannu a dokar manyan hanyoyi, sababbin titunan suka kewaye garuruwan nan, ciniki ya mutu, a 1985 aka soke Route 66 ɗin ma daga lissafin manyan hanyoyi. Shi ya sa raina ba ya so in zana wurin fayau, sai na sa yaron da ke goge gilashin mota da tsumma a aljihun baya, da matar da ke leƙowa ta tagar gidan abinci.

Yanzu na koma kan allon sunan masaukin Blue Swallow mai harufan wuta, na garin Tucumcari a New Mexico, da magariba. Ina gwada goga kyandir a wurin harufan kafin fenti don hasken ya tsaya fari. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa min, jan fenti yana zama a kan kakin daga baya ko sai an kankare?