Idan ƙanƙarar ba ta daskare da dare ba, kar ka hau

Jama'a akwai wani tunani da yake damuna sosai a wajen masu hawa tsauni da masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wai da an shiga Afrilu rana ta fito sama ta washe shi kenan haɗarin zaftarewar ƙanƙara ya wuce. Ina! Kama kawai ya canza. A tsakiyar hunturu abin tsoro shi ne sabuwar dusa da wadda iska ta tara, yanzu kuwa ruwa ne babbar matsalar.

Da rana zafi yana narkar da saman ƙanƙarar, ruwan ya tsiyaya ya shige ciki. In dare ya yi sanyi kuma sama fes take ba gajimare, sai ta sake daskarewa ta yi ɓawo mai tauri da zai ɗauki nauyin mutum, to wannan safiyar ita ake nema. Amma in gajimare ya rufe sama yakan riƙe ɗumin ne, ƙanƙarar ta kwana a jiƙe, kai kuma ka fito da asuba kana ganin ai ka yi sammako alhali tun jiya abin ya riga ya lalace. In aka jera dare biyu ko uku a haka, ko kuma ruwan sama ya sauka a kanta, ruwan zai iya kaiwa har wani shimfiɗi mai rauni can ƙasa, sai babban faifan ƙanƙara ya ɓalle gaba ɗaya. A ranar 1 ga Maris 1910 a Wellington da ke jihar Washington ta Amurka, bayan an kwana da kwanaki ana zuba dusa sai ruwan sama da tsawa suka biyo baya, ƙanƙarar ta zaftaro ta kwashe jiragen ƙasa biyu, mutum 96 suka rasu.

Ni abin da nake fara yi shi ne in sauka in taka da takalmi. In ƙafata ta nutse ta wuce idon sawu, lokaci ya fara ƙurewa, in ta kai gwiwa kuwa ba wata shawara sai juyawa. Ka ɗebo dusar ka matse a hannu, in ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsunka ka samu amsa. Sannan ka ɗaga kai ka duba ƙarƙashin duwatsu, za ka ga ƙananan curi suna gangarowa da kansu suna naɗe dusa suna ƙara girma, suna barin layi a bayansu, dutse yana shan rana ne ya ɗumama abin da ke kewaye da shi.

Rana ma bi take gefe-gefe. A arewacin duniya gangaren da ke kallon gabas shi ke fara laushi, sai na kudu, sai na yamma, na arewa yakan jima. Shi ya sa gangaren da ka hau lafiya ƙarfe 8 na safe zai iya zama tarko kafin azahar. Kuma yawancin zaftarewa tana tasowa ne daga gangare mai digiri 30 zuwa 45, daidai wanda ya fi daɗin zamiya.

Rahoton haɗari na da mataki 1 zuwa 5, cibiyoyi irin su SLF, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewarta da ke Davos a Suwizalan, suna fitar da shi kullum, kuma a wannan lokacin za ka ga sun nuna matakin safe daban na yamma daban. Don Allah a riƙa karanta bayanin da ke cikin rahoton, ba lambar kaɗai ba.

Wasu na cewa ai jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ba ta gudu kamar busasshiya. Haka ne, amma nauyinta fa? Ko ƙarama ce za ta iya ɗauke ka ta jefa ka a rami ko ta buga ka da bishiya, kuma da ta tsaya sai ta ƙame kamar kankare, ko yatsa ba ka iya motsawa. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yana da babbar damar rayuwa, bayan haka damar na faɗuwa da sauri, don haka abokan tafiyarka ne masu ceto. Kowa ya rataya na'urar aika sigina, wadda ake gano wanda ƙanƙara ta binne da ita, a jikinsa a kunne, da sandar bincike ta soka ƙanƙara da shebur na ƙarfe a jaka, kuma ya zama an gwada su kafin a fito.

Sai leɓen ƙanƙarar nan da iska ke ginawa a bakin ƙololuwa, yana leƙowa ba komai a ƙarƙashinsa. Zafi na raunana shi, kuma yakan tsage can baya fiye da inda ido ke zato. Ka ba shi tazara sosai in kana sama, in kana ƙasa kuma kar ka zauna hutawa a saitinsa ko na minti ɗaya.