Naira dubu goma sha biyar da shekara guda: yadda muka nema wa ɗan yayata izinin wasa a Amurka

A farkon shekarar 2019 wani kocin ƙwallon kwando daga wata jami'a da ke rukunin farko na gasar wasannin jami'o'i a Amurka ya ga bidiyon ɗan yayata, ya ce yana son ya ba shi gurbin karatu kyauta, amma da sharaɗin hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar daga birnin Indiyanafolis, ta tantance shi tukuna. Da yake ni ne mai ɗan sanin boko a gidan, sai aikin cike takardu ya faɗo a kaina.

Na ɗauka karatu ne zai ba mu wahala, ashe ba nan gizo yake saƙa ba. Hukumar tana neman darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, kuma sakamakonsa na WAEC da takardun makaranta tun daga aji uku na ƙaramar sakandare sun wadatar. A lokacin sai an rubuta jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT, sharaɗin da aka soke a 2023, ita ma ya ci ta.

Inda muka yi tuntuɓe shi ne tambayoyin da ake yi don a tabbatar cewa yaro bai taɓa mayar da wasa sana'a ba. Sun nemi sunan kowace ƙungiya da ya buga wa wasa, da ko ya sa hannu a kwantiragi, da ko ya yi alkawari da wakilin 'yan wasa ko da da baki ne, da adadin kuɗin da ya taɓa karɓa. Da na tambaye shi sai ya ce, "Kawu, ai ba albashi ba ne, alawus ne kawai na Naira dubu goma sha biyar a wata." A wurinmu wannan kuɗin mota ne da na sabulu, amma ƙa'idar ba ta duba sunan da aka laƙaba wa kuɗi, abin da take dubawa shi ne ko sun zarce ainihin abin da yaro ya kashe a kan abinci, masauki, sufuri da kayan wasa. Na karanta yadda a 2010 aka haramta wa ɗan ƙwallon kwandon Turkiyya Enes Kanter buga wa Jami'ar Kentaki wasa har abada, saboda ƙungiyar Fenerbahçe ta Turkiyya ta ba shi sama da dala 33,000 fiye da buƙatunsa, kuma daga ranar na daina raina batun.

Matsalar ita ce ba mu da rasit ko ɗaya, domin babu wanda yake karɓar rasit a tasha ko a wurin mai shayi. Sai da muka yi makonni muna bin sakataren ƙungiyar da yake buga wa wasa, mutumin da bai ga dalilin da zai sa Turawa su damu da wannan ɗan kuɗi ba, kafin ya rubuta wasiƙa mai hatimi yana lissafa ranakun atisaye da kuɗin zuwa da dawowa. Da aka haɗa lissafin, ya nuna cewa yaron ma cikawa yake yi daga aljihun mahaifiyarsa, don haka aka wanke shi ta wannan fuska.

Abin da ba mu iya gyarawa ba shi ne lokaci. Ya gama sakandare a 2017, kuma dokar ta ba shi shekara guda ta sassauci wadda zai ci gaba da wasa ba tare da hukunci ba. Ni na zaci sake zama jarrabawar lissafi da ya yi a 2018 zai matsar da ranar kammalawarsa gaba, amma hukumar ta tsaya a kan shekarar da 'yan ajinsa suka fita. Duk gasar da ya shiga bayan cikar wa'adin, matuƙar tana da alƙalan wasa da jadawali kuma ana rubuta maki, an lissafa ta a kansa. Hukuncin ya zo cewa ya rasa kakar wasa ɗaya daga cikin huɗun da aka yarda ɗalibi ya buga, kuma zai yi shekarar farko yana karatu ba tare da shiga gasa ba. Laifina ne, domin ni na ƙarfafa shi ya ci gaba da buga gasa don kada jikinsa ya mutu, alhali da atisaye kaɗai ya tsaya a kai da bai yi wannan asara ba.

Tun daga watan Yulin 2021 an halatta wa ɗalibai 'yan wasa a jami'o'in Amurka samun kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ya sa nake ganin tsananin da aka yi mana a kan alawus ya wuce kima, ko da yake bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita wa baƙi irinsa cin wannan gajiya. Yanzu ƙanensa yana aji biyar, shi ma dogo ne, kuma na saya masa littafi inda yake rubuta kowace gasa da ranarta da duk kwabon da aka miƙa masa, kocinsa yana sa hannu a ƙasa.